Jami'ar Garwa: Wane Aiki Ake Shirya Ɗalibi Ya Yi?

A watan Janairu na 1993 gwamnatin Kamaru ta raba tsohuwar Jami'ar Yawunde, ta kafa jami'o'i 6, ɗaya a Ngaundere. Daga cikin manufofin da aka shelanta har da cewa karatu zai kai ɗalibi ga sana'a. An maimaita wannan alkawari da aka buɗe Jami'ar Marwa a 2008, aka sāke maimaita shi a 2022 da aka kafa Jami'ar Garwa. Dokar manyan makarantu ta 2023 ma ta ƙara da cewa ɗalibi ya zama mai kafa sana'ar kansa. Manufar tana da kyau. Abin da nake zargi shi ne, shekara 30 ke nan ana faɗin kalmar "aiki" ba a tsaya an ce wane aiki ba.

Ga yawancin iyaye da ɗalibai, aiki yana nufin abu ɗaya: cin jarrabawar shiga aikin gwamnati, a sami albashi a ƙarshen wata. Jami'a kuwa ta bi su a kan haka. A 2011, da Shugaba Paul Biya ya yi shelar ɗaukar matasa 25,000, masu nema sun ninka wannan adadi sau da yawa. Waɗanda suka samu ma ba su huta ba. A 2022 malaman sakandare suka shiga yajin aiki, domin wasunsu sun yi shekaru suna koyarwa ba a biya su cikakken hakkinsu ba. Ƙofar da ake tura dubban yara su yi layi a bakinta ke nan.

Mai karatu, dubi abin da ke kewaye da Garwa. Hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, tana cikin garin, manoma masu ɗimbin yawa kuwa sun dogara gare shi. Ga madatsar ruwan Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda ke ba arewa wutar lantarki, wadda kuma sakin ruwanta kan jawo ambaliya har cikin Adamawar Nijeriya. Ga shanu, ga gyaɗa, ga albasa, ga cinikin kan iyaka da Chadi da Nijeriya. Kowanne cikin waɗannan yana bukatar mai ilimi. Amma sassan da Garwa ta gāda daga Ngaundere su ne na shari'a da na likitanci. Likitoci kam muna bukatarsu ƙwarai, ba mai gardama. Masu digirin shari'a fa, kotuna nawa ke arewa da za su ɗauke su?

Abin mamaki, misalin da ya dace yana cikin garin tun kafin a yi mafarkin jami'a. Makarantar kula da namun daji ta Garwa, da aka buɗe a 1970, ƙarama ce, amma ta san abin da take so. Tana horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, kuma ɗalibanta suna fita daji, su kwana a can, su ƙidaya dabbobi da idonsu. Makarantar sarrafa amfanin gona ta Ngaundere, wato ENSAI, ita ma ta yi suna domin ta san masana'antun da take yi wa tanadi. Irin waɗannan makarantu suna ɗaukar mutane kaɗan, ana kashe musu kuɗi da yawa. Zuba ɗalibai 500 a zaure ɗaya da malami ɗaya da alli ya fi arha, shi ya sa aka fi yinsa.

Akwai kuma zancen harshe, wanda ba a cika tayar da shi ba. Ana koyarwa da Faransanci da Turanci, amma a kasuwar Garwa da ƙauyukan Binuwai Fillanci ne ke tafiyar da rayuwa, Hausa tana biye. Matashin likita da ya zo daga Duwala, in bai ji abin da tsohuwa ke faɗi game da ciwon cikinta ba, sai ya nemi mai shara ko ɗan rakiya ya yi masa tafinta. Malamin gona da ba ya iya bayyana wa manomi yawan maganin feshi da harshensa, zai bar shi ya auna da marfin kwalba yadda ya ga dama. Koyar da waɗannan harsuna na shekara ɗaya ba ya bukatar ɗakin gwaji ko injin daga waje, malamansu kuwa suna nan cike da garin.