Famfon da Ba Ya Yoyo, da Gwanin da Ya San Inda Ya Dace da Shi

Duk mai noman rani a bakin kogin Karaduwa, daga ƙasar Matazu har zuwa madatsar ruwa ta Zobe, ya san inda injin ban ruwa yake fara ba da kunya: daidai wurin da sandar injin ta ratsa cikin famfo. Nan ake sa sil, nan kuma yoyo ke farawa. In ruwan rafi ne da sauƙi, ya ɗiga ƙasa ta sha. Amma a masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, ko a matatar mai, abin da ke bin bututu yakan zama asid, ko soda, ko mai mai zafin gaske. Ɗigo kaɗan ya isa ya ci fatar hannun ma'aikaci.

Saboda irin wannan ruwa aka ƙera famfo mai maganaɗisu, wanda aka fara yi a Ingila a ƙarshen shekarun 1940. Dabararsa tana burge ni ƙwarai. Babu sandar da ta ratsa ciki. Injin lantarki yana juya zoben maganaɗisu a waje, wani zoben yana ciki manne da farfela, tsakaninsu kuma akwai kwanso rufe ruf. Na waje ya juya, na ciki ya bi shi, ba tare da sun taɓa juna ba. Tunda babu kafa, babu inda ruwa zai bi ya fita.

Irin wanda ake kira tabain kuwa, farfelarsa faifai ce mai ƙananan haƙora jere a baki. Ruwa yana shiga tsakanin haƙoran ya fita ya sake dawowa sau da yawa kafin ya kai mafita, kowane zagaye yana ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa ba ya ɗibar ruwa da yawa, amma ɗan abin da ya ɗiba zai cilla shi sama sosai.

Gwanin zaɓen famfo ba ya fara da duba kundin kamfani. Tambaya yake yi kamar likita. Wane ruwa ne? Nawa zafinsa? Yaya nauyinsa? Wannan ta ƙarshe ita ce take kama masu gaggawa, domin tsantsar asid ɗin salfa, wanda ake sirkawa a yi ruwan batir, ya fi ruwa nauyi kusan sau 1.8. In aka zaɓi maganaɗisun da ya isa juya ruwa kawai, da asid ya shiga sai zoben ciki ya kufce, injin yana ta gudu farfela tana tsaye, kwanso yana ɗaukar zafi. Wanda ya san aiki tun daga ƙarar yake ganewa.

Zafi ma da nasa hukuncin. Maganaɗisun neodymium yana da ƙarfi, amma zafi na rage masa kuzari, kuma in ya wuce iyaka ba ya dawowa. Don ruwa mai zafi sosai sai a koma na samarium da kobalt, ko da ya fi tsada. Kwanson ƙarfe shi kansa yana yin zafi idan maganaɗisu na juyawa kewaye da shi, ga kuma asid da ke cin wasu ƙarafan, don haka gwani yakan zaɓi na roba mai jure sinadari irin PVDF.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona shi ne ya san lokacin da zai ce a'a. Boris ɗin wannan famfo, ruwan da ake turawa shi ne man shafawarsa. Tanki ya ƙare, famfo ya ci gaba da juyawa a bushe, cikin ɗan lokaci boris ya ƙone ko ya tsage. Sannan tazarar da ke tsakanin farfela da bango ba ta taka kara ta karya ba, yashi kaɗan zai cinye ta, garin ƙarfe kuma maganaɗisu zai janyo shi ya manne. Idan manomin albasa ya zo da kuɗinsa yana neman famfon da aka ce ba ya yoyo, mai gaskiya zai ce masa: "Alhaji, wannan ba na rafi ba ne. Riƙe naka na fetur, mu canza masa sil."

Inda famfon ya dace kuwa, gwani ba ya barin wurin sai ya ga an sa rariya kafin mashiga, da na'urar da za ta kashe injin da zarar ruwa ya yanke. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, yakan kuma duba yadda injin ke tashi, domin fizgar farko ma tana iya kufce maganaɗisu. Kafin ya sa hannu a takardar saye, sai ya tambayi dillali ko akwai boris da kwanso na canji a Kano ko Legas, da kuma makonni nawa za a jira in babu.