Bauta da Asali a cikin Shaihu Umar: Wa Ake Yi wa Kuka?

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba yadda littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, yake gabatar da bauta, da kuma irin zancen da iyali suke yi a kanta.

An saba yabon littafin da cewa ya tona asirin cinikin bayi ta hamada. Akwai gaskiya a ciki. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Abdulkarim Balarabe. Uwarsa ta bi sawunsa, aka bautar da ita a Murzuk, ba ta sake ganin ɗanta ba sai a bakin mutuwa. Amma dole mai nazari ya yi tambaya: wa mawallafi yake so mu yi wa kuka? Makau, mijin uwar Umar, wanda aka nuna mana shi mutumin kirki, da kansa ya je harin bayi ƙasar Gwari. Waɗanda ya kamo ba su da suna, ba su da uwa mai nemansu. Adadi ne kurum, kuma a kan adadin aka ƙulla masa sharri wurin sarki. Ke nan abin da littafin yake ƙyama shi ne a bautar da ɗa, wato mai asali. Ita kanta bautar bai tuhume ta ba.

A ganinmu haka zancen yake tafiya a gidajenmu. A ƙasar Damagaram, har zuwa Gamu da sauran garuruwan Gure, kaka takan ba jikoki labarin ɗan'uwan da mahara suka tafi da shi. Labarin wanda kakanninta suka saya kuwa ba ya fitowa sai ranar binciken asali, in an zo neman aure, cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Yaro ya tashi ya san gidan da ba a aure a cikinsa, bai san dalili ba.

Doka dai ta yi gaba. An kafa ƙungiyar Timidria a 1991, Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, sa'an nan a 2008 kotun CEDEAO ta umurci gwamnati ta biya Hadijatu Mani diyyar miliyan 10 na sefa. Abin lura, ita ma shari'arta a kan aure ta tsananta: bayan an ƴanta ta a 2005 ta auri wanda take so, aka ɗaure ta da laifin aure kan aure.

Saboda haka muna ganin mai koyar da littafin ya fara da harin Gwari, ya nemi ɗalibai su bi sawun waɗanda Makau ya kamo, tun da makomarsu ba ta dami labarin ba.