4.3 Sharhi a Kan Hanyoyin Tagwaita Ajiya na DRBD

A wannan fasali za a auna hanyoyi uku da manhajar DRBD take bi wajen tagwaita abin da rumbun bayanai ya rubuta, wato ajiye shi a faifan kwamfutoci biyu na gungu ɗaya. Philipp Reisner ne ya fara aikinta a Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma ta shiga cikin Linux 2.6.33 a shekarar 2010.

A hanyar A, da zarar rubutu ya sauka a faifan gida an kuma ɗora shi a layin aikawa, sai a ce wa rumbun aiki ya kammala. Hanyar B tana jira har ya isa ƙwaƙwalwar ɗaya kwamfutar. Ita kuwa C ba ta amsawa sai faifan biyu sun tabbatar.

Galibi akan fifita C, kuma akwai hujja: in kwamfuta ɗaya ta mutu, ba a rasa abin da aka riga aka tabbatar. To amma amincin nan da lokaci ake sayensa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ke nan in tazarar kwamfutocin ta kai kilomita 100, zuwa da dawowa kaɗai ba zai bar mai rubutu bi da bi ya wuce sau 1,000 a daƙiƙa ba, tun ba a lissafa jinkirin faifai ba.

Sai dai a ganin mai wannan nazari, babban raunin ba a nan yake ba. Idan layin da ya haɗa su ya katse alhali kowacce tana raye, kowacce tana iya ɗaukar kanta shugaba ta ci gaba da karɓar rubutu. Wannan rabuwar kai ba A ba C da ke maganinta. In an sake haɗuwa, dole a zubar da rubutun ɓangare ɗaya. DRBD 9 ta kawo tsarin rinjaye, inda kwamfuta ta uku ke raba gardama, wanda hakan ƙarin kuɗi ne da masu kwatanta sauri ba su cika sakawa a lissafi ba.

Haka kuma, in ma'aikaci ya goge bayanai bisa kuskure, C za ta goge tagwayensu nan take, da irin amincin da ake yabonta da shi.