Amo Ɗaya, Ma'ana Dabam

Wanda ya bi ta bayan makarantar firamare a Bibemi ko Adumri sa'ad da ake darasin Ingilishi, ba wuya ya ji muryoyin yara suna tashi tare kamar mata na sussuka: cat, mat, rat, hat, fat. Malam ya faɗa, aji ya amsa. Abin yana da daɗin ji, uban da ya sayar da audugarsa ya sayi littafi da alkalami kuwa sai ya wuce da murna, yana cewa ɗansa ya kama Ingilishi. Amma in aka tsai da yaron a hanyar gida, aka ce ya nuna wace ce tabarma, wane ne ɓera a cikin kalmomin nan biyar, sau da dama sai ya sunkuyar da kai. Ya riƙe amon, ma'anar kuwa ta zube masa a hanya.

Ba laifin yaron ba ne. Bibemi tana gabas da Garwa, kusa da Mayo Kebbi, inda harsuna suka haɗu. Yaro yakan taso da Mundang, ko Mambai, ko Hausa a gida, ya ji Fillanci a kasuwa, ya shiga aji a tarye shi da Faransanci. Ingilishi shi ne na uku ko na huɗu a bakinsa. Ba shi da hanyar guje masa kuwa, gama tun haɗewar Kamaru a 1961 ƙasar take tafiya da harsunan hukuma biyu. Tsarin mulki na 1996 ya ce darajarsu ɗaya ce, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ɗora wa makarantu aikin koyar da su duka biyu. Inda littattafai suka yi ƙaranci, jerin kalmomi masu amsa amo shi ne darasi mafi araha. Alli ɗaya ya isa.

Wannan dabara tana da kaka, ya kamata a duba shi. A shekara ta 1775 wani Bature mai suna John Walker, wanda ya fara da wasan kwaikwayo kafin ya koma koyar da lafazi, ya buga ƙamus a Landan wanda ya juya tsarin ƙamus baya. Maimakon a nemi kalma ta harafinta na fari, sai a neme ta ta harafin ƙarshe, a yi ta komawa baya. Ya sa gajeruwar ma'ana a gefen kowace kalma, wannan kuwa abin yabo ne, domin bai raba amo da ma'ana ba kamar yadda allon makaranta yake yi. Ba shi ne na fari ba. Tun 1570 Peter Levins ya tara kalmomin Ingilishi bisa ga ƙarshensu tare da fassarar Latin. Amma na Walker ne ya yi tsawon rai, aka yi ta gyara shi ana sake bugawa har cikin ƙarni na 20.

Aibin littafin babba ne, shi ne kuma aibin da jerin allo ya gada. Walker ya jera kalmomi bisa ga yadda ake rubuta su, alhali amsa amo aikin kunne ne. Saboda haka cough, though, through, rough da bough suka zauna maƙwabta, suna kama da 'ya'yan ɗaki ɗaya, amma ba biyu a cikinsu da suke amsa juna. Ta fari tari ce, ta biyu “ko da yake”, ta uku ratsawa, ta huɗu kaushi, ta biyar reshen itace, kowace da nata lafazi. Kalmomin da suke amsa juna da gaske kuwa, irin su blue, shoe, two, few da through, sai suka watse a shafuna masu nisa da juna. Walker ya san da wannan rami, shi ya sa ya ƙara wani jeri a ƙarshen littafin na amon da mawaƙa suka halatta. Faci ne a kan tsohuwar riga.

Dalilin rikicin tarihi ne. William Caxton ya kafa injin buga littafi a Ingila a 1476, rubutu ya soma daskarewa, a daidai lokacin da lafazin dogayen wasula yake sauyawa, sauyin da ya ɗauki wajen shekara ɗari uku, daga misalin 1400 zuwa 1700. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya. Yau Ingilishin Ingila yana da wasula wajen ashirin a baki, haruffan wasali kuwa biyar ne. Hausa tana da biyar, kowane da dogo da gajere, sai ai da au. Shi ya sa hat, hut, heart da hurt sukan zama abu ɗaya a kunnen mai koyo, hula da bukka da zuciya da rauni duk a tukunya guda.

Akwai wani abin da ya sa Bahaushe yakan ga tsarin Walker daidai ne, har ya amince da shi fiye da yadda ya cancanta. Waƙar Hausa ta rubutu da gaɓar ƙarshe take aiki. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, mawaƙi kuma yakan zaɓi gaɓa ɗaya ya riƙe ta daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, shi ne babban amsa amo, yana sauya ƙaramin a cikin baitoci. Sa'adu Zungur ya riƙe “ya” a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Wannan gado ne daga Larabci, inda manyan ƙamusoshi na dā, har da wanda Firuzabadi ya rubuta, wanda daga sunansa ne Hausa ta sami kalmar ƙamus, suka jera kalmomi ta harafin ƙarshe na tushensu. Da Walker Bahaushe ne, da littafinsa ya yi kusan cika aikinsa. Amma Ingilishi ba ya ƙirga amo daga gaɓar ƙarshe. Yana ƙirgawa daga wasalin da aka danna wa ƙarfi, duk abin da ya biyo baya kuma sai ya zama ɗaya. Likita, mota da kafinta suna amsa juna sarai a Hausa, mawaƙi zai jera su ba wanda zai ɗaga gira. Iyayensu na Ingilishi, wato doctor, motor da carpenter, ba su amsa juna ko kaɗan. Malamin da bai faɗa wa yara wannan ba, ya bar su suna auna hatsin wani da mudun gidansu.

Tarkon da ya fi kama ɗan Bibemi kuwa, wanda ɗan Kano ko Zariya bai san shi ba, shi ne Faransanci. A ɗauki jerin nan na fari, a ƙara masa chat. A Ingilishi tana amsa cat, ma'anarta hira. Amma yaron ya riga ya koya da safe cewa chat kyanwa ce, ga shi kuma an ce masa cat ma kyanwa ce. Me zai hana shi ɗauka cewa kalma ɗaya ce aka rubuta iri biyu? Haka rain, pain, main. Ruwan sama ya gane, amma pain a wurinsa burodi ne, main kuwa hannu, alhali Ingilishi yana nufin ciwo da abu mafi muhimmanci. Mafi muni shi ne jerin four, pour, hour, sour. A Faransanci four tanderun burodi ne, pour kuwa “domin”, suna amsa jour da cour ba gardama. A Ingilishi huɗu ne da zubawa, suna amsa juna, amma ba su amsa hour da sour, wato awa da tsami. Jeri ɗaya na kalma huɗu ya ruɗe ido, ya ruɗe kunne, ya ruɗe ma'ana. Littafin da aka shirya domin yaran Landan ko na Bamenda ba zai gargaɗi kowa a kan wannan ba, gama su ba su da burodi a cikin pain.

Masu zuwa sujada sun san wani gefe na maganar, ko da ba su lura ba. Kalmar love, wato ƙauna, matalauciya ce wajen amo. 'Yan'uwanta kaɗan ne: above, dove, glove, shove, wato bisa, kurciya, safar hannu da turewa. Mai rubuta waƙar yabo ba shi da abin yi da safar hannu, saboda haka in ya ambaci ƙauna, sai ka ga sama ko kurciya ta biyo baya, ko da ba can tunaninsa ya nufa ba. In ya gaji, sai ya jawo prove ko remove, waɗanda ido yake yarda da su, kunnen yau kuwa ya ƙi. Isaac Watts, wanda ya rasu a 1748, da Charles Wesley, wanda ya rasu a 1788, duk sun yi amfani da irin wannan izini. Waɗanda suka juya waƙoƙin nan zuwa Littafin Waƙoƙi na Hausa, a mafi yawan wurare sun bar amsa amon ya tafi, suka riƙe ma'ana da yawan gaɓoɓi domin karin ya zauna. Wasu suna ganin wannan kasawa ce. Hikima ce. Da sun nace wa amo, da sun cika baitoci da kalmomin ciko. Inda suka yi sake shi ne karin sauti, domin muryar waƙar Turawa takan hau a inda kalmar Hausa take sauka, a Hausa kuwa hawa da sauka ne suke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a 1980 cewa mawaƙan Hausa sukan daidaita har karin sautin ƙarshen layi. Wannan amo ne na gida wanda masu fassara suka wuce ba su gaishe shi ba.

Duk da haka ba a ce a share jerin daga allo ba. Yana taimakon yaro ya ji cewa sauya harafi ɗaya yana sauya kalma, wannan kuwa shi ne ƙofar karatu a kowane harshe. Abin da ya rasa shi ne ginshiƙin da Walker ya ajiye a gefe, wato ma'ana, da wanda Walker ya rasa, wato kunne. Kalma biyar da aka nuna wa yaro da hannu, a ɗaga hula, a taka tabarma, a zana ɓera, a faɗi sunansu da Fillanci ko Mundang ko Hausa, sun fi hamsin da aka rera. A jera su bisa ga yadda ake faɗa, shoe ta zauna kusa da blue ko da ido ya yi gunaguni. Duk kalmar da take da tagwai a Faransanci kuwa, malam ya ja layi a ƙarƙashinta da jan alli, ya tambayi aji abin da take nufi a darasin safe da abin da take nufi yanzu, kafin a soma rerawa.