Ido Ba Mudu Ba: Zane da Girman Ɗaki a Tsohon Masallacin Zariya

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gwanin magini kuwa ya san yadda zai sa ido ya ƙimanta abu fiye da yadda yake. Babu inda wannan ya fi bayyana kamar tsohon Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, watau Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846).

Kayan aikinsa tubali ne da azara. Ita azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar da ta ƙetare ta wuce kamar ƙafa 6, saboda haka sai ya riƙa ɗora ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har suka haɗu suka zama baka. Wannan dabarar gini ce. Amma fa bai ɓoye bakan cikin yaɓe ba. Ya bar su a fili, suna tasowa daga ginshiƙai, suna tanƙwara, suna gamuwa a tsakiyar rufi. Wanda ya shigo, idonsa ba ya samun wurin tsayawa sai can ƙololuwa, don haka ɗakin yakan yi masa tsawo fiye da awonsa. Zanen da aka fitar a jikin ginshiƙan kuwa manya ne, masu zurfi, inuwa tana kwanciya cikinsu, mutum ya ga kansa ƙarami a gabansu. Lalle wannan ya dace da wurin sujada.

Sunayen da magina suka ba aikin ma shaida ne. Bakan gizo abin sama ne, watau sun ɗauki rufi kamar sararin samaniya. Ɗaurin guga kuwa daga bakin rijiya aka aro shi, inda igiyoyi ke haɗuwa wuri ɗaya.

A shekarun 1970 aka rufe abin da ya saura na masallacin cikin sabon gini na siminti. An tsare shi daga ruwan sama, wannan abin godiya ne. Amma dā mutum daga waje yakan ga gini mai tawali'u, sa'an nan ya shiga ya tarar da tsawon da bai zata ba. Bayan an yi sabon ginin kuwa, sai babban gini ya riƙa cika masa ido tun daga ƙofa. A lokacin an ceci ƙasa da azara, amma mamakin nan, wanda shi ne rabin gwanintar Babban Gwani, ya ragu ƙwarai.