Jinjina ga Masu Jinyar Kifi

Kifi ba ya kuka, ba ya cewa nan ke min ciwo. Shi ya sa nake cire wa ma'aikatan gidajen kifin teku hula. Da safe, tun kafin 'yan kallo su iso, suna tsaye gaban gilashi suna lura: wane ne ya ƙi cin abinci, wa ke goga jikinsa a dutse, wa numfashinsa ya yi sauri. Fararen ɗigo a fata alamar ƙwayar cuta ce, sai a keɓe mai ita a wani tanki daban, domin maganin jan ƙarfe da ake zubawa yana kashe murjanin da ke cikin babban tanki. Gishirin ruwan ma sai an auna, kusan giram 35 a kowace lita.

A gidan kifi na Shedd da ke Chicago, wani ya ajiye ɗan kifi cikin bokiti a 1987 ya yi tafiyarsa. Ma'aikatan gidan suka raɗa masa suna Bubba, suka rene shi har ya doshi kilo 70. Da ƙari ya fito masa a goshi aka gano ciwon daji ne. Likitocin dabbobi suka sa shi barci, ana tura masa ruwa ta baki don ya yi numfashi, suka yanke ƙarin. Ya sake fitowa, aka sake yankewa, aka haɗa da maganin ciwon daji irin na mutane. Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce a kan abin miya. Ni dai ban ga ɓarna ba. Bubba ya rayu har 2006.