Habaici a Gambarar Zamani: Waƙar Girgiza Kai ta Ziriums

Har yanzu akwai masu cewa gambarar zamani ba waƙa ba ce, surutu ne da yaranmu suka kwaso daga Amurka tare da hula da sarƙa. Mai wannan ra'ayi bai zauna ya saurari Girgiza Kai ba, waƙar da Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ya yi yana matashi a Kano.

Kowa ya san zamanin. Daga 2007 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta matsa wa 'yan fim da mawaƙa lamba a mulkin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau. An ɗaure Adam A. Zango, an ɗaure Rabilu Musa Ibro, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala da ita wannan waƙar.

Abin da ya ɗaga ta sama da takwarorinta shi ne hanyar da Ziriums ya bi. Wasu sun fito da zagi tsirara, wasu sun kai kuka ga Allah. Shi kuwa sai ya tsaya a matsayin mai biyayya, yana jan kunnen masu sauraro kada su taka rawa tunda hukuma ta hana, su tsaya ga kaɗa kai. A zahiri sanarwa ce irin ta sanƙira. Amma kiɗan da ke ƙarƙashin maganar na tsuma jiki ne, don haka duk wanda ya bi umarnin ya riga ya shiga rawar, da wuyansa kaɗai. Kuma Bahaushe ya san lokacin da yake girgiza kai: idan abu ya yi masa daɗi, da kuma idan takaici ya hana shi magana. Motsi ɗaya ya ɗauki duka biyun. Mai hukunci ba shi da abin kamawa, domin ba a ce a saɓa masa ba, amma ya san da shi ake, jama'a ma sun sani. Haramcin da ya biyo baya shaida ce cewa kibiyar ta isa inda aka harba ta.

Wannan habaici ne tsantsa, irin wanda kishiya ke yi a bakin turmi, mai tsarguwa ya tsargu. Ba a New York aka koya masa ba. Mamman Shata ya yi zambo a Gagarabadau, Ɗan Maraya Jos ya yi shekaru yana gyara halin jama'a da kuntigi, 'yan gambara da 'yan kama sun daɗe suna faɗar abin da ba ya faɗuwa a cikin raha. Abin da Ziriums ya aro shi ne kiɗan na'ura da saurin jero kalmomi a kan bugu. Dabarar ta gida ce. Masu cewa ai gambarar zamani ba ta da amsa-amo da karin da ya kai na rubutacciyar waƙa suna auna ta da mudun da ba nata ba. Ita a baki take rayuwa, kuma nauyinta yana inda murya ta faɗa a kan ganga.

Ni a ganina nan ne ƙarfin gambarar Hausa yake, kuma yana damuna yadda yawancin matasan yanzu suka karkata ga kirarin kai da lissafin motoci. Kirari namu ne, ban musa ba, Ɗan Anace ya ishe mu misali. ClassiQ da DJ AB da Morell sun nuna cewa harshen yana iya gudu a kan kowane kiɗa. Sai dai kirari kowane harshe yana da shi, habaici kuwa yana buƙatar jama'ar da ta saba jin magana a cikin magana, kuma Hausawa sun saba. Matashin da ya iya shi zai taɓa gwamna daga ƙaramin situdiyo a cikin lungu, kamar yadda Ziriums ya yi.